Ƙafar da Inna Ta Ƙi Taɓawa

Iyayena mata, iyayena maza, ƴan'uwana matasa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetonmu. Salamarsa ta zauna tare da ku.

Har yau, in na ji ƙanshin man kaɗe yana narkewa a gwangwanin madara bisa gawayi, sai hannuna ya tafi ƙirjina ba da sanina ba. Ƙanshi ne mai nauyi, rabinsa ƙasa rabinsa hayaƙi. A cikinsa na tashi tun ina rarrafe. Shi ne kuma ke jikina ranar da numfashi ya ƙi mini a tsakiyar gada.

Sunana Rahila. Wasunku sun san ni a layin baya na koral, wadda ke shiga waƙa a makare domin hankalinta ya tafi wani wuri. Na rubuta shaidar nan a takarda ne domin na san halina. In na tsaya da baki kawai, zan yi ta kewaye in tsallake wuraren da ke ba ni kunya. Ga na farkonsu: ba yau na fara tsayawa a nan in ba da shaida ba. Shekara uku ke nan na tsaya daidai wurin nan, kuka tafa mini, iyaye mata suka rangaɗa guɗa. Waccan shaidar ƙarya ce. Yau na zo in gyara ta.

Ban san mahaifiyata ba. Ta rasu a ƙauyenmu kusa da Maraɗi ina da kwana goma sha biyu a duniya. Abin da aka gaya mini kawai shi ne, zuciya ce. Ƙanwarta, Inna Talatu, ita ta goya ni, ita ta zo da ni Yamai, ita ta sa ni lakkol. Ga ta can a benci na uku, ta sunkuyar da kai. Da izininta nake magana.

Duk wanda ya zauna a unguwar Bukoki ya san hannun Inna. Tausa ce sana'arta. Masu jego, ƴan dako, tsofaffi masu ciwon ƙugu, Zabarmawa da Hausawa, Musulmi da Kirista, tun da sassafe suna kan tabarmarta. Ina ƙarama nakan riƙe mata gwangwanin mai, in zuba ido ga manyan yatsunta suna tura nama daga idon sawu zuwa gwiwa, a hankali, kamar mai korar ruwa a fangali. Takan ce mini, "Kullum sama ake turawa, wajen zuciya." Na haddace wannan tun ban iya karatu ba.

Shekarar da nake aji na uku a jami'a, sashen adabi, na je ƙauyenmu hutun Ista. Bazara ce, irin wadda ko inuwa zafi take yi. Da zan dawo na shiga kar, babbar motar fasinja, tun da asuba. Mata, kun san abin da muke yi in za mu doguwar hanya. Ba ma shan ruwa. Wa ke son fitsari ya matsa mata a fili fetal, babu ko ɗan itacen ɓuya, ga maza sun jeru a bakin hanya? Tun jajibiri na daina sha. Na samu kujerar taga, aka cusa mini buhun gyaɗar da kakata ta aiko wa Inna a ƙarƙashin ƙafa, gwiwoyina suka naɗe kamar na kaza a kwando. A Ƙonni mutane suka sauka cin abinci, ni ban sauka ba. Kafin Dogon Dutsi motar ta lalace, muka daɗe, nan ma ban sauka ba. Ina da kaye, littafin rubutuna, da bik a hannu, ina ta rubuta baituka a kan itatuwan gawo da suke wucewa. Ina can ina neman kalmar da ta dace da inuwar gawo, jinina kuwa yana daskarewa a bayan gwiwa.

Kwana uku da dawowata, sha-raɓar ƙafata ta hagu ta kumbura. Ta yi zafi, ta yi sheƙi kamar sabon tulu, ciwon kuma irin na jijiyar da ta ɗaure ta ƙi saki. Na dingisa na sami Inna a tsakar gida, ta gama da wata mata, man yana bisa wuta.

"Inna, ki ɗan matsa mini ƙafar nan. Kar ɗin nan ta kashe ni."

Ta yi dariya. "Ƴan boko! Zama kawai ya kashe ku. Miƙo in gani."

Na miƙa, ta ɗage zanen. Dariyar ta tsaya a rabi. Ta ɗora bayan hannunta a ƙafar hagu, ta ɗora a ta dama, ta sake komawa ta hagu. Sai ta janye hannayenta duka biyu ta mai da su baya, kamar yarinyar da aka hana taɓa abu.

"Tun yaushe?"

"Shekaranjiya."

Ta sauke gwangwanin daga wuta, ta kife faranti a kansa.

"Ba ni taɓa ta."

"Inna, wasa kike? Yanzu kika gama murza wa matar mahauci baya."

"Na ce ba ni taɓa ta. Tashi ki sa gyale, likita za mu. Kada ki taka da ƙarfi."

Na roƙa, na yi kuka. Duk Bukoki suna samun hannun nan, ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi an hana ni! Ciwo da haushi suka haɗu, sai na faɗi maganar da har yanzu nake jin ɗacinta a harshe. Na ce, "Da ɗiyar cikinki ce, da kin taɓa."

Ta dube ni kamar na mare ta. Ta ce, "Na ji. Sa gyalenki."

A likita aka shafa mini wani abu mai sanyi, aka bi ƙafar da na'urar hoto. Doktan mutumin Damagaram ne, gemunsa ya fara fari, bakinsa ba ya rabuwa da tsokana. Ya nuna mini wani wuri a allon ya ce gudan jini ne ya toshe babbar jijiya. Ya ce jini yana da halin daskarewa domin ya rufe rauni, wannan kyauta ce. Amma in ya daɗe a wuri ɗaya babu motsi, jiki kuma babu ruwa, yakan daskare inda babu rauni. Ya ce haɗarin ba a ƙafa yake ba. In wani yanki ya ɓalle, zai bi jijiya ya hau, ya ratsa zuciya, ya je ya toshe huhu.

"Wani ya murza miki?"

Na harari Inna. "A'a. An ƙi."

Ya juya wajenta. "Hajiya, Allah ya yi wa hannunki albarka da bai taɓa ba."

Inna ba ta gyara masa Hajiyar ba, ba ta kuma yi murmushi ba. Ni dai kunnena ya ji, zuciyata ba ta ji ba. Na ce a raina, dace ta yi. Ina Inna ta san gudan jini? Ƙi kawai ta yi.

Aka fara yi mini allura a fatar ciki, safe da yamma, kwanaki. Daga nan aka mai da ni kan ƙwayar tsinka jini, ƴar fara mai tsaga huɗu. Kwata uku zan sha kowace rana, lokaci ɗaya, har wata shida. Aka ba ni ɗan karne ruwan ɗorawa, inda za a riƙa rubuta sakamakon gwajin jini, domin in maganin ya yi kaɗan jini ya daskare, in ya yi yawa jini ya tsinke. Ba ƙaho, ba tausa, ba shan maganin ciwon kai na bakin titi. Ganye kuma, irin su zogale, kada in ci da yawa yau gobe in bari, domin yana rage ƙarfin maganin. Inna ba ta karanta agogo, sai ta ɗauki ladanin masallacin bayan gidanmu ya zama agogonta. Da ya kira magariba, sai in ji ƙarar reza a faranti tana yanka ƙwaya, sai ga ta da kofin ruwa.

Ƴan'uwa, daga nan na rasa zama.

In na zauna, sai in ce jini yana daskarewa, in miƙe. In na yi tafiya, sai in ce gudan zai ɓalle, in tsaya cak. A amfi, babban ɗakin lacca, malam yana bayani, ni ina juya idon sawu a ƙarƙashin tebur ina sauraren ƙirjina. Na karanta duk abin da waya ta nuna mini, kowane shafi ya fi na baya ban tsoro. Kullum in zan tsallaka gada zuwa jami'a sai in leƙa kogi in ce, haka cikina yake, ruwa yana tafiya, da wani dutse a ƙasa da ba wanda ya san ranar da zai motsa. Mai sayar da kopto, kwaɗon zogale, a ƙofar sashenmu na jami'a, wadda nake cin zogalenta tun shekarar farko, ta tare ni ta ce, "Ƴar Maraɗi, faɗa muka yi?" Dokta bai ce in daina cin zogale ba, tsoro ne ya ce. In na bugi gefen tebur, gobe sai tabo baƙi. In na goge haƙora, buroshi ya yi ja. Na zama kamar ƙwai a hannun kaina.

Ina zuwa sujada, ina waƙa, amma ban yi addu'a ba ko sau ɗaya. Ina dai gaya wa Allah abin da na karanta a waya. A gida kuma, tsakanina da Inna sai "ga shi" da "na gode".

Sai al'adata ta zo a wata na biyu. Iyaye maza, ku yi mini haƙuri, dole in faɗa. Ta zo kamar an ɓalle bakin randa. Rannan a amfi, cike da mutane, na tashi zan fita sai na ji shiru a bayana. Ƙawata Hadiza, ɗiyar wani malami daga Tawa, ta zare mayafinta ta ɗaura mini a ƙugu, ta fita da ni, kanta sai ɗankwali kawai, tana ta yi mini hirar banza da ƙarfi don kada in ji raɗar mutane. A ɗakinta na Lamorde na wanke siket ɗina ina kuka.

Ta ce, "Gobe ki koma wajen doktanki, wawiya. Ƙila ya rage miki."

Na ce to. Ban je ba. Na gaji da likita, na gaji da allurar ɗibar jini, na gaji da zama mai ciwo. Sai na ɗauki gajiyar nan na sa mata suna mai kyau. Na kira ta bangaskiya.

Daga rannan, in Inna ta kawo faranti, sai in sa ƙwayar ƙarƙashin harshe, in sha ruwa, in ta juya in tofa a kwalin ashana. Ranar gwaji in fita kamar zan je, in zauna a inuwar bedi in rubuta lamba a karne da hannuna. Inna ba ta karatu, wa zai kama ni? Ran Lahadi kuma na tsaya a nan na ce, "Ubangiji ya narkar da gudan jinin, na warke sarai!" Babu hoton da aka yi mini, babu wanda ya gaya mini haka, ko Allah ko mutum. Ina so ne kawai maganar ta ƙare. Kuka tafa. Na hango Inna, hannayenta suna bisa cinya.

A hanyar gida ta ce, "Dokta ne ya faɗa?"

Na ce, "Inna, dokta ya fi Allah ne?"

Ta ci gaba da tafiya. Da magariba na ji ƙarar reza a faranti.

Sati uku aka yi a haka. Lokacin jarrabawa ya zo, zama ya yi yawa, ga zafi. Ran Litinin na tashi ƙafar tana nauyi. Ran Laraba ta koma tulu. Wa zan gaya wa? Inna, in ce mata na tofar da maganinta? Ku, in ce muku shaidata ta kumbura? Na sa dogon siket na ɓoye, ina cije leɓe in na zo wucewa ta gabanta.

Ran Alhamis ina da jarrabawa ƙarfe goma. Inna ta fita da sassafe wankan wata mai jego. Na fito tsakar gida, ga gawayi bai mutu ba, ga gwangwani a gefe. Na tsaya ina kallonsa. Na san abin da dokta ya faɗa, kalma bayan kalma. Amma na ce ai na warke, wannan gajiya ce kawai, ɗan kaɗan zan yi don in iya zama awa uku. Na ɗora man ya narke. Na zauna a tabarmar Inna, na sa manyan yatsuna a idon sawu, na tura sama, wajen zuciya, yadda na gani tun ina ƙarama.

Gaskiya zan faɗa, na ji daɗi. Har hawaye na yi. Abin da na roƙa aka hana ni ke nan, ga shi na ba kaina. Na murza, na sake murzawa, da ƙarfi. Na goge hannu a zane, na ɗauki jaka na fita.

A taksi mu uku ne. Gaba wani ma'aikaci ne mai karabat ɗaure a wuya, sai duban agogo yake. Kusa da ni wata dattijuwa Bazabarma da kwandon kifi a cinya. Mun hau gada, motoci sun cunkushe domin wani raƙumi mai ɗauke da tabarmi ya ƙi sauri. Ina bitar darasi a kaina. Sai na ji kamar an soka mini tsinke a ƙarƙashin haƙarƙari. Na ja numfashi, ya tsaya a maƙogwaro. Na sake ja. Iska tana shiga baki, amma ba ta isa ko'ina. Zuciyata ta kama gudu kamar tsuntsun da ya shiga ɗaki ya rasa taga.

Na san ko mene ne. Ba wanda ya fi ni sani.

Dattijuwar ta ture kwandonta ta tallabe ni. Da Hausarta ta kasuwa ta ce, "Ay ize, ɗiyata, mi ya same ka? Kai, direba! Yarinya za ya mutu a jikina!"

Direban ya waiwayo. "Subhanallahi! Aljanu ne?"

"Aljanun gidanku! Juya mota!"

"Uwa, a kan gada? Ta ina?"

Mai karabat ya fara cewa shi fa yana da taro. Sai ya dubi fuskata, ya bar zancen taron. Na nuna masa jakata da yatsa. Ya zazzage ta, ya ga karne, ya karanta bangon, sai ya buɗe ƙofa ya fita tsakiyar gada ya ɗaga hannu biyu yana tare motoci, yana ihu da Faransanci da Zabarmanci, karabat ɗinsa yana tashi a iska. Direba ya danne oda ya fara juyawa, gaba kaɗan, baya kaɗan.

A nan na yi addu'a.

Ni da na cika kaye bakwai da kalmomi, ni da nake zaɓen kalma kamar mai tsintar shinkafa, rannan kowane numfashi kalma ɗaya yake iya ɗauka. Na ce, "Yesu." Na jira iska. "Ƙarya." Na jira. "Na yi." Na jira. "Gafarta." Na so in roƙi rai, in yi alkawari, in kawo hujja, babu iskar yin haka. Abin da ya rage kawai na faɗa: "Taka ce."

Numfashin bai dawo ba, kada in sake yi muku ƙarya. Ciwon yana nan. Amma wani abu da ya yi wata biyu yana gudu a cikina, dare da rana, ya tsaya ya zauna. Ta taga na ga kogi, na ga masu wanki sun shanya tufafi a bakin gaɓa, ja da fari da shuɗi, rana tana kansu. Ban ga dutse a ƙasan ruwa ba. Na ji an riƙe ni, riƙon da ya wuce na hannun da ke warin kifi a kafaɗata. Haleluya! Ban san ko zan kai ƙarshen gadar ba, amma na daina tsoro.

Na kai. Mai karabat ya shiga gaba yana ɗaga karne, shi ya sa ba a ɓata lokaci da tambaya ba. Aka sa mini abin shaƙar iska a fuska, aka ɗaura ruwa mai maganin tsinka jini a hannu. Shi ne kuma ya kira lambar da ke bangon karnen. Ban san sunansa ba har yau, ban san na dattijuwar ba. An ce kifinta a taksi ya kwana.

Inna ta shigo babu takalmi, da kumfar sabulu a damtse. Ta sunkuyo kaina za ta yi magana, sai ta tsaya. Na ga hancinta ya motsa. Ta ɗage mayafin gadon, ta sa kan yatsa ɗaya a sha-raɓata, ta ɗago shi yana maiƙo.

"Wa ya yi?"

Na janye abin fuskar. "Ni."

Ta zauna daɓas a siminti, ta ɗora hannu biyu a ka. Ta yi wani kuka da ban taɓa ji daga bakinta ba: "Saratu! Wayyo Saratu!" Sunan mahaifiyata ke nan, sunan da ba ta taɓa ambata ba. Na ce ruɗewa ce ta sa ta manta nawa.

Da na samu kaina, doktan nan na Damagaram ya zo ya zauna a gefen gado yana buɗe karne.

"Malama mai adabi, sannu da aiki. Shekarata ashirin ina karanta rubutun mutanen gwaji, ban taɓa ganin sun yi mai kyau haka ba. Har da ƴar kwalliya a wutsiyar lamba biyu!"

Na rufe fuska.

Ya daina dariya. Ya ce ƙaramin yanki ne ya ɓalle, da babban ne da na mutu kafin taksin ya gama juyawa. Ya tambayi dalilin da na daina sha, na gaya masa zancen amfi. Ya girgiza kai. "Da kin zo, kwata ɗaya zan rage miki, in duba jininki, shi ke nan. Kwata ɗaya, Rahila." Ya ce ƙwayar ba ta narkar da guda. Hana shi girma take yi, ta tsare ƙofa, har jiki ya cinye shi da kansa a hankali. "Mu gadi muke yi. Mai warkarwa daban yake. Ke kuma sai kika kori mai gadi kika ce kin dogara ga Mai gida."

Kwana tara na yi. Ranar da muka koma gida na ɗauko kwalin ashana na sa a hannun Inna. Ta buɗe, ta daɗe tana kallon ƴan gutsattsarin da ta yanka da hannunta.

"Ashe magaribar banza nake jira."

Na durƙusa na ce ta yafe mini wannan, ta yafe mini kuma waccan maganar. Ta ɗaga ni ta ce, "Tashi, kada ki naɗe ƙafar." Ladan ya kira. Ta miƙo faranti, na sha a gabanta, na buɗe baki na ɗaga harshe ta gani. Sai muka fashe da dariya mu biyu, irin wadda ke ƙarewa da majina.

Na sha maganin nan shekara guda cur, ban tsallake rana ba. Da aka sake hoto, jijiyar ta buɗe. Wannan karon dokta ne ya faɗa, ni kuma na ce Allah ne ya yi, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinmu. Na rubuta jarrabawar a zagaye na biyu, na samu. Na koma wajen mai kopto. Dokta ya ce da alama jinina mai saurin daskarewa ne tun haihuwa, in zan yi doguwar tafiya ko in Allah ya kawo ciki wata rana, sai an sa mini ido. Yanzu in na shiga kar, da gorar ruwa nake shiga, kowace tasha sai na sauka na taka. In ta matsa, ni ce mai ɗaga murya in ce direba ya tsaya, ko maza nawa suka jeru. Za ku yi mamakin yawan matan da ke biyo ni a guje.

Ƴan'uwa, ku gafarta mini tafin da na karɓa a hannunku ba da haƙƙi ba. Ku dogara ga Yesu, yana jin addu'ar da ba ta fi kalma ɗaya ba. Amma kada ku ɗauki tsoro ko gajiya ku sa musu sunan bangaskiya kamar yadda na yi. In an ba ku magani, ku sha da godiya. In ya dame ku, ku koma ku faɗa. In kuma kuka ga ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, ɗayar lafiya lau, don Allah ku mai da hannunku baya ku nemi likita. Godiya ta tabbata ga Uba da ya jira ni a kan gada, ga Ɗa da ya karɓi maƙaryaciya, ga Ruhu da ya kwantar da abin da ke gudu a cikina. Amin.

Saura abu ɗaya. Inna ta ce in zan faɗa, in faɗa duka.

Bana muka je ƙauye tare. Da la'asar ta ja ni zuwa tsohon ɗakin da aka haife ni, yanzu ana ajiye dawa a ciki. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shiga ba, ta ba ni labarin da ta riƙe ita kaɗai shekara ashirin da biyar. Ko kakata ba ta sani ba.

Ina da kwana goma sha biyu, ƙafar hagun mahaifiyata ta kumbura, ta yi zafi, ta yi sheƙi. Ta roƙi ƙanwarta ta matsa mata. Inna tana da shekara goma sha tara, ba ta daɗe da koyon tausa ba, tana ji da hannunta. Ta narka man kaɗe, ta murza da dukan ƙarfinta, sama, wajen zuciya. Mahaifiyata ta ce ta ji daɗi, ta sa mata albarka. Ta miƙe za ta ɗauke ni, sai ta dafa bango ta ce, "Talatu, buɗe ƙofa, babu iska."

Ƙofar a buɗe take.

Babu doktan da ya taɓa yi wa Inna bayani. Ba ta san sunan ciwon ba sai ranar da ta ji shi tare da ni. Ƙafar kawai ta gane. Rannan, in ji ta, mutane suna ta kururuwa a kan yayarta, ni kuma ina kuka a tabarma ba wanda ya kula. Man bai bushe a hannunta ba ta sunkuya ta ɗauke ni. Ba ta sake ajiye ni ba.